Taken Tsohon Basarke

Ina da shekara goma sha tara lokacin da kawuna ya ba ni aikin da ya kira aikin zama. Kowace ranar kasuwar Gaya, daga azahar zuwa faɗuwar rana, in zauna a gindin ɓauren da ke saman mashigin jirage, in fuskanci kogi, in yi ta kaɗa goge. Mai wucewa ya ga saurayi yana neman na abinci da gogensa, ya jefa masa tamma ko goro ɗaya, ya yi gaba. Abin da ba ya gani shi ne jirgin kawu, wanda ke laɓe cikin ciyawar ruwa a bayan ɗan tsibirin da ke ƙasa da mashigi, yana jiran abin da zan kaɗa.

Ƙarshen zamanin Faransa ne, ba a gina gada ba tukuna. Tsallaken kogi Dahome ce, gangaren ruwa kuma ƙasar Ingilishi, inda atamfa da sukari da taba suka fi araha. Kawu ɗan kasuwa ne mai rumfa, mai sahun gaba a masallaci, amma rabin abin da ke rumfarsa bai taɓa bi ta gaban ƴan duwan masu karɓar kuɗin fito ba. Akwai kuma kayan da ba sa zuwa rumfa ko kaɗan: albarushi, da wasu ƙunshe-ƙunshe da ba a tambayar inda aka samo su. Jirginsa yakan hauro da rana tsaka, ya saje da jiragen masu cin kasuwa, domin a ganinsa idon ƴan duwan ya fi gajiya a cikin taro.

A gidansa na tashi, don mahaifina ya rasu ina ƙarami, mahaifiyata ta dawo da ni wurin ɗan'uwanta. Gogen kuwa a wajen gida na same shi. Wani tsoho mutumin Tanda yana zaune a unguwarmu, makaɗin goge ne, kuma tun ina ɗan shekara goma nake zuwa in zauna masa. Shi ya haɗa mini gogena na farko, da ƙwarya da fatar guza da tsagiyar wani farin doki, ya koya mini yadda ake shafa ƙaro a baka. Baba nake ce masa. A gidanmu ana ganin abin kunya ne jikan fatake ya zama maroƙi, mahaifiyata ta sha yin kuka a kai. Kawu bai taɓa hana ni ba. Wata rana yana dawowa ta ruwa ya jiyo ni daga nesa, ya sa aka tsai da jirgi, ya lura da inda sautin ya kai. Da yamma ya kira ni ya ce ashe abin nan yana da amfani.

Dole in yi bayanin take, don wanda ya tashi a yau ba lallai ya san nauyinsa ba. A wurinmu duk mutumin da ya yi wani abin a zo a gani yana da kiɗansa, wanda makaɗi ya tsara masa shi kaɗai. Shi ne takensa. Baba ya koya mini take fiye da talatin, na mahauta da na maharba da na ƴan kokawa, kuma ya koya mini ƙa'ida ɗaya kafin ya koya mini ko ɗaya daga cikinsu. Idan mai take ya tsaya a gabanka kana riƙe da goge, takensa za ka fara yi masa kafin gaisuwa. In ka ƙi, ka shaida wa jama'a ke nan cewa a wurinka mutumin nan ya mutu, ko kuma bai taɓa zama kowa ba. Makaɗin da ya yi haka sau ɗaya, in ji Baba, ya rataye gogensa.

A cikin taken da na koya akwai na wani Basarke, masunci mai farautar dorina, wanda ya gangara wajen Yawuri tun ban yi wayo ba. Shekaru suka wuce ba labarinsa, har aka ce ya rasu. Takensa yana hawa sama sosai, yana tafiya a kan ruwa fiye da duk sauran. Da kawu ya ce in zaɓi kiɗa ɗaya da zai zama alamar hanya a buɗe take, shi na zaɓa. Ni na zaɓe shi, ba wanda ya sa ni. Dalilina mai kyau ne a ganina: mai shi ba ya nan, ba wanda zai roƙe shi, ba zai fito bisa kuskure ba. Duk wani kiɗa dabam, ko shiru, yana nufin jirgi ya zauna inda yake. Ban gaya wa Baba ba.

Mai jan jirgin ɗan kawu ne, taubashina, ya girme ni da shekara biyu. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka bawansa yake kirana tun muna yara, kuma bai taɓa gajiya da wasan ba. Yakan ce shi yana fama da ruwa da rana, bawansa yana zaune a inuwa yana sa ƙwarya kuka. Nakan ce ubangijin da sai bawa ya yi masa kiɗa yake iya shiga garinsu, ai sai a duba wane ne bawan. Yana da wata dabara tasa da kawu bai sani ba, ko ya sani ya kau da kai. Ban da kayan da ke jirgi, yakan naɗa turamen atamfa a jikinsa, daga hammata zuwa cinya, ya ɗora riga a kai, ya sayar da su don kansa. Siriri ne kamar gora, amma ranar kasuwa sai ya sauka daga jirgi da tumbi kamar na mai unguwa. In ya zo wucewa ta gindin ɓaure yakan shafa cikin ya ce, "Bawana, yi wa mai ƙiba kiɗa."

Mun yi damina biyu a haka. Ba zan ce ban ji daɗi ba. Na sayi riga, na sayi takalmi, a gida aka daina maganar roƙo. Kawu ya fara cewa nan gaba zai sa ni a jirgi in koyi hanya, goge ya zama na ranar kasuwa kawai. Abin da na lura da shi, ban kuma gaya wa kowa ba, shi ne kunnena ya fara barin kiɗan. Ina kaɗawa idona yana kan takalman mutane, yana neman irin na ƴan duwan. Baba ya saurare ni wata rana ya ce hannuna ya ƙware, amma kamar ina kiɗa ne ina jiran wani.

Ranar da abin ya faru ruwa ya cika, ya yi duhu, yana gudu. Tun da azahar na ga ƴan duwan uku sun zo ba hular aiki, sun zauna a bayan tarin kwandunan busasshen kifi, sun lulluɓe bindigoginsu da tabarma. Na gane ɗaya daga cikinsu. Wani jirgi kuma da ban sani ba yana ɗaure a gefe, da matuƙa biyu da ba sa lodi ba sa saukewa. Na fahimci komai. Na kama taken mahauta, na yi ta maimaita shi, hankalina kwance, domin wannan shi ne aikin da aka ajiye ni in yi kuma ina yin sa daidai.

Bayan la'asar sai na ji hayaniya ta baya. Tsofaffin masunta da ke gyaran taru suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Wata mata tana riƙe da hannun mahaifinta, wani tsoho dogo, ya rame, idonsa ɗaya ya yi fari, yana dogara sanda. Na ji ana kiran kirarin da na sani a cikin kiɗa kawai, ban taɓa jin an faɗa wa mutum mai rai ba. Basarken nan ne da aka ce ya rasu. Aka buɗe masa hanya har gindin ɓaure. Ya tsaya a gabana, kusa har ina ganin tabon da ke ƙaurinsa.

"An ce mini kai ne yaron mai gogen Tanda," ya ce. "An ce ya ba ka nawa taken."

Ya jingina da sandarsa yana jira, mutane kamar arba'in suna jira tare da shi.

Na yi shekaru ina auna tsawon wannan lokaci, kuma ina jin bai wuce numfashi goma ba. Na ɗauko ƙaro ina shafa wa baka, ko da yake ba ya bukata. Hanyoyin duk suna gabana, na gan su sarai. In ja tsagiya da ƙarfi ta tsinke. In ce Baba bai kai ni nan ba tukuna. In miƙe in ce cikina ya murɗa. Kowace ɗaya za ta bar jirgin a bayan tsibiri, kuma kowace ɗaya za ta gaya wa tsohon nan, a gaban ƴarsa da abokan yarintarsa, cewa ya dawo garin da aka riga aka binne shi. Na ce a raina zan yi shi a hankali, ƙasa-ƙasa, yadda ba zai wuce bakin ruwa ba.

Taken nan ba ya yiwuwa ƙasa-ƙasa. Na san haka tun ranar da na zaɓe shi. Da na shiga hawa na farko tsohon ya saki hannun ƴarsa, ya ɗaga sandar sama da kafaɗa yadda ake ɗaga zago, mashin dorina, ya taka ƙafa ɗaya gaba. Masunta suka ɗauki tafi. Daga nan na daina ganin kwandunan kifi. Ban taɓa kiɗa kamar na ranar ba, kafin nan ko bayan nan, kuma wannan ne abin da ya fi wuyar faɗa: na ji daɗi. Damina biyu ina kaɗa taken nan ga jirgi, yau ga mai shi yana rawa a gabana, kowane lanƙwasa na kiɗan ya sami inda ya dace a jikinsa. Na gane abin da ya sa aka tsara shi haka. Na maimaita shi sau uku.

Da na ɗaga kai, jirgin ya riga ya fito daga bayan tsibiri, ya kai tsakiyar ruwa.

Sauran ya faru cikin tsari, kamar abin da aka shirya. Jirgin ƴan duwan ya kwance ya tare gaba. Aka yi harbi ɗaya sama. Taubashina ya so ya juya, jirgin ya yi nauyi, ruwa ya buge shi ta gefe, ya kife. Mutum biyu da ke tare da shi suka yi iyo aka kama su. Shi ya fi su iya ruwa, duk Gaya ta san haka. Na ga kansa ya fito sau biyu, na ga hannunsa yana jan wuyan rigarsa. Turmi shida ya naɗa a ranar, kuma atamfa in ta sha ruwa nauyinta ya fi na mutum.

Bayan kwana uku masunta suka same shi can gangare. Ina wurin da aka warware zannuwan, ɗaya bayan ɗaya, shuɗi da ja, aka shanya su a kan yashi. Ba wanda ya san abin da za a yi da su.

A gida kowa ya ɗauka ban ga ƴan duwan ba ne, tunda sun ɓuya. Mahaifiyata ta ce ƙaddara ce. Matan gida suna ba ni haƙuri kamar yadda suke ba kawu. Bayan sadakar bakwai kawu ya kira ni zaure. Ya tsufa a cikin mako guda, amma maganarsa tana nan a tsare. Ya ce zai sayi wani jirgi. Ya ce yanzu ba shi da wani ɗa sai ni, wurin ɗansa nawa ne, da rabon da ke cikinsa, da rumfa a bayansa. Alamar kiɗa ta ƙare, an gane ta, saboda haka in ajiye goge gaba ɗaya. Ya ce in yi tunani zuwa ranar kasuwa.

Daga zauren na wuce wurin Baba, na gaya masa duka, tun daga zaɓen taken. Yana gyaran wani goge, bai ɗago ba har na gama. Na zaci zai ce na yi daidai da na bi ƙa'ida, ina kuma tsoron ya faɗi haka. Bai faɗa ba. Ya ce a ranar babu sauran daidai da ya rage mini. Ɓarnar tun damina biyu na yi ta, ranar da na ɗauki taken mutum na ba jirgi aro ba tare da na ga kabarinsa ba. Sannan ya ce Basarken ya aiko. Ya dawo gida ke nan, nan zai ƙarasa kwanansa, kuma yana so duk ranar kasuwa a kai shi gindin ɓaure ya ji takensa. Bai san komai ba game da alama, a wurinsa hatsarin jirgi ne ya faru a ranar da ya dawo. Baba ya ce yatsunsa sun daina kaiwa ga hawan nan, in ban yi ba babu mai yi.

"A wurin nan, Baba? Ina kallon ruwan?"

"Nan ya ce. Mai take shi ka zaɓen wuri."

Na yi kwana huɗu ina kai da kawowa tsakanin gidajen nan biyu a raina. In na shiga jirgin kawu, ba zan sake jin taken ba har abada, kuma ba wanda zai taɓa sanin abin da na gani. Wannan ya ja ni fiye da rumfa da rabo. In na riƙe goge, zan zauna inda na zauna, in yi abin da na yi, kowane mako. Ban iya cewa nagarta ce ta yanke mini hukunci ba. Abin da na sani shi ne a safiya ta huɗu na farka na tarar yatsuna suna taka taken a kan tabarma.

Ranar kasuwa da hantsi na sami kawu a zaure yana shirin fita rumfa. Na durƙusa na ce ba zan shiga jirgi ba. Ya tambayi dalili. Da zan iya cewa tsoron ruwa nake ji, zai kuma karɓa.

"Kawu, na gan su," na ce. "Tun azahar na gan su."

Ya tambaya ko an saye ni ne, na ce a'a. Ya tambaya ko an tsorata ni, na ce a'a. Na gaya masa mai taken ne ya tsaya a gabana. Ya maimaita maganar a hankali, kamar yana gwada nauyinta, sannan ya ce, "Wato kiɗa ka yi." Ya ɗauki hularsa ya fita. Bai kore ni ba, bai gaya wa mahaifiyata ba, bai kuma sake kiran sunana ba har ya rasu. Ni na kwashe kayana na koma shagon Baba a makon.

Da la'asar aka kawo tsohon. Na zauna a gindin ɓaure na fuskanci kogi, na yi masa takensa. Haka muka yi shekara biyu da ƴan watanni, ban da ranakun da ruwan sama ya hana. Tun yana ɗaga sanda har ya koma ɗaga hannu, har ya koma a kwantar da shi a tabarma yana motsa yatsun ƙafa. Yakan kawo mini kifi busasshe a ƙunshe. Ya ce ko Baba a ƙuruciyarsa bai kai ni ba, sai dai akwai wani wuri a hawa na uku da nake ɗan tsayawa, wanda ba ya cikin taken. Na ce zan gyara. Ban taɓa gaya masa ba, kuma ina ganin wannan ɗaya ne daga cikin ƴan abubuwan da na yi daidai.

Goge ya ciyar da ni tun daga nan. Ya kai ni bukukuwa a Bengou da Yelu, ya kai ni Dosso, daga baya ya kai ni gidan rediyo a Yamai, inda na shiga a matsayin makaɗi na ƙare ina karanta labarai. A can aka koya mini in faɗi abu yadda ya faru, in bar abin da ban tabbatar ba. Na tabbatar na ga ƴan duwan. Na tabbatar na san jirgin zai fito. Abin da ban tabbatar ba har yau shi ne ko ni na zaɓa a gindin ɓauren ko hannuna ne ya riga ni, kuma na daina tsammanin zan sani.

Shekaru bayan an gina gada, aka ce a ɗauki tsofaffin take a faifai kafin su ɓace. Na yi duka waɗanda Baba ya ba ni, na Basarken a ƙarshe. Ɗakin ɗaukar sauti ba shi da taga, bango ne kawai a gabana. Da muka gama, mai na'ura ya sake kunna mini, ya ce komai ya fita tsaf sai wuri ɗaya a hawa na uku da na yi shiru kamar na numfashi guda. Ya tambaya ko a yanke shi, ko mu sake ɗauka. Muka sake ɗauka sau biyu, shirun yana nan a wurinsa. Nan ne nake ɗaga kai in duba bayan tsibiri. Na ce masa ya bar shi haka.